Italiya: Rigimar gadon karagar da aka kawar tun 1946

Tun shekara ta 1946 rabon ƙasar Italiya da sarki, kuma tsarin mulkin ƙasar ya toshe duk wata hanya ta doka da za a bi a maido da mulkin sarauta. Amma duk da haka, har yau rassa biyu na gidan Savoia, wanda ya mulki ƙasar tsawon shekaru 85, ba su daina ja-in-ja ba a kan wanda ya cancanci gadon karagar da aka riga aka kawar.

Rasuwar Vittorio Emanuele, ɗan sarkin Italiya na ƙarshe, a birnin Geneva ranar 3 ga watan Fabrairun 2024 yana da shekaru 86 a duniya, ita ce ta sake tayar da wannan tsohuwar gardama. An yi jana'izarsa a babbar majami'ar Turin, cibiyar kakanninsa, inda Yarima Albert na Monako da tsohuwar sarauniyar Sifaniya Sofia suka halarta. Sai dai ba jana'izar ƙasa aka yi masa ba, domin a idon hukuma shi ɗan ƙasa ne kamar kowa.

Nan take ɗansa tilo, Emanuele Filiberto, ya ɗauki matsayin shugaban gidan. Amma akwai wani ɗan'uwansu mai suna Aimone, na reshen Aosta, wanda shi ma yake riƙe da wannan matsayi tun bayan rasuwar mahaifinsa a 2021. Kowannensu na da magoya baya da lauyoyi da takardun tarihi, kuma babu wata hukuma a duniya da dukkansu suka yarda ta raba musu gardama.

Yadda gidan ya rasa karaga

Gidan Savoia na daga cikin gidajen sarauta mafiya daɗewa a Turai, domin asalinsa ya kai kimanin shekaru dubu a tsaunukan da ke tsakanin Faransa da Italiya. Shi ne ya jagoranci haɗa kan ƙananan ƙasashen yankin, kuma a watan Maris na 1861 aka ayyana Vittorio Emanuele na Biyu a matsayin sarkin Italiya.

Jikansa, Vittorio Emanuele na Uku, wanda ya hau karaga a 1900, shi ne ya jawo wa gidan baƙin jinin da har yanzu bai wanku ba. A watan Oktoban 1922, lokacin da 'yan Fasist suka doshi birnin Roma, ya ƙi sa hannu a takardar dokar ta-ɓaci da gwamnatinsa ta gabatar masa, ya kuma kira Benito Mussolini ya kafa gwamnati. Da sunansa aka mamaye Libiya a 1911, a zamaninsa aka rataye Umar Mukhtar a 1931, kuma bayan mamaye Habasha ya karɓi laƙabin sarkin sarakunan ƙasar a 1936, yayin da Haile Selassie ke gudun hijira a Ingila. A 1938 ya rattaba hannu a kan dokokin wariya da suka kori Yahudawan Italiya daga makarantu da ayyukan gwamnati.

Gaskiya ne shi ya tuɓe Mussolini a watan Yulin 1943. To amma bayan 'yan makonni, da aka ba da sanarwar tsagaita wuta da sojojin ƙawance, sai ya sulale daga Roma zuwa Brindisi da ke kudu, ya bar babban birnin da rundunar sojansa a gaban dakarun Jamus ba tare da wani takamaiman umarni ba. Italiyawa da dama sun fi riƙe wannan gudu a zuciya fiye da sauran laifukansa.

Ranar 9 ga watan Mayun 1946, makonni kaɗan kafin ƙuri'ar raba gardama a kan makomar sarautar, ya yi murabus ya bar wa ɗansa Umberto na Biyu, da fatan sabuwar fuska za ta ceci gidan. Shi kuwa ya tafi Iskandariyya a ƙasar Masar, inda Sarki Faruk ya ba shi mafaka, kuma a can ya rasu a ƙarshen 1947.

Dabarar ta zo a makare. A ƙuri'ar da aka fara kaɗawa ranar 2 ga watan Yuni, mutane miliyan 12.7 suka zaɓi jamhuriya, miliyan 10.7 suka zaɓi sarauta, wato kimanin kashi 54 da kashi 46 cikin ɗari. Ƙasar ta rabu gida biyu: arewa mai masana'antu ta juya wa sarki baya, kudu kuwa ta tsaya masa, har a birnin Naples kusan mutum takwas cikin goma suka zaɓe shi. Ranar 13 ga watan Yuni Umberto ya hau jirgi zuwa Fotugal bayan kwana 34 kacal a kan karaga, yana mai ƙorafin cewa gwamnati ta karɓe ikonsa tun kafin kotun ƙoli ta yanke hukuncin ƙarshe a kan ƙararrakin zaɓen.

Bai taɓa yin murabus ba har ya rasu a 1983. A kan wannan ne 'yan sarauta suka kafa hujjarsu, cewa sarautar ba ta mutu ba, sarkin ne dai ba ya gida, saboda haka dokokin gado na gidan suna nan da ƙarfinsu.

Tsarin mulkin da ya fara aiki a farkon 1948 ya haramta wa tsoffin sarakunan da matansu da zuriyarsu maza shiga ƙasar, ya mayar da kadarorinsu hannun gwamnati, ya kuma daina amincewa da laƙabobin sarauta. Sashe na 139 ya ce tsarin jamhuriya ba abu ne da za a iya yi wa gyara ba. Sai a ƙarshen 2002 majalisar dokoki ta ɗage haramcin shiga ƙasar, bayan da Vittorio Emanuele da ɗansa suka bayyana biyayyarsu ga jamhuriya a rubuce.

Auren da ya raba gida

Tushen rigimar gadon aure ne. A 1970 Vittorio Emanuele ya auri Marina Doria, 'yar wani attajiri a Suwizalan wadda ta yi fice a wasan zamiya a kan ruwa. An ɗaura auren a gaban hukuma a Las Vegas ta Amurka, sannan aka yi na coci a Tehran a 1971. Mahaifinsa bai ba da izini ba, bai kuma halarta ba.

A mafi yawan gidajen sarautar Turai wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Gidan Savoia na da doka tun 1780 da ta wajabta wa kowane ɗan sarki neman yardar sarki kafin ya yi aure, ta kuma tanadi cewa wanda ya auri wadda ba tsararsa ba ce a nasaba ba tare da wannan yarda ba, ya rasa haƙƙinsa na gado shi da zuriyarsa. Reshen Aosta na kafa hujja da wata wasiƙa da Umberto ya rubuta wa ɗansa a 1960, inda ya gargaɗe shi cewa ba shi da ikon sauya wannan doka, kuma idan ya saɓa mata gadon zai koma ga ɗan'uwansu Amedeo. A ganinsu hukuncin ya hau kansa tun ranar ɗaurin auren, ba sai an yi shela ba.

Magoya bayan Vittorio Emanuele na mayar da martani da cewa Umberto ya rayu shekaru 13 bayan auren, kuma bai taɓa fitar da wata takarda a bainar jama'a da ta cire ɗansa daga gado ba. Gargaɗi daban ne, hukunci daban ne. Suna kuma tambayar dalilin da ya sa Amedeo ya yi shiru tsawon shekaru 23 bayan rasuwar sarkin kafin ya fito da da'awarsa.

Duka hujjojin biyu na da nauyi, kuma mutum ɗaya tilo da zai iya warware su ya tafi kabari ba tare da ya yi hakan ba. Bisa ga dukkan alamu Umberto bai so ya tozarta ɗansa a idon duniya ba, bai kuma so ya karya dokar kakanninsa ba, sai ya zaɓi yin shiru.

Harbi a Cavallo, naushi a Madrid

Da a ce Vittorio Emanuele ya riƙe kansa da mutunci, da wuya gardamar auren ta wuce teburin masana nasaba. Amma rayuwarsa ta kasance cike da abin faɗa.

A watan Agustan 1978, a gaɓar tsibirin Cavallo da ke kusa da Corsica, ya fito da bindiga cikin dare a wata taƙaddama a kan ƙaramin kwalekwale. Harsashi ya samu wani matashi Bajamushe ɗan shekara 19, Dirk Hamer, wanda ke barci a cikin wani jirgin ruwa da ke kusa, kuma ya rasu bayan 'yan watanni. A 1991 wata kotu a Paris ta wanke shi daga laifin kisa, ta yanke masa ɗaurin je-ka-gyara-halinka na wata shida saboda mallakar makami ba bisa ƙa'ida ba. Iyalan mamacin ba su taɓa amincewa da hukuncin ba, kuma batun ya sake tasowa a 2011 lokacin da wata jaridar Italiya ta fitar da hoton bidiyon da aka naɗa a asirce a kurkuku, inda aka ji shi yana alfaharin cewa ya yaudari alƙalan Faransa. Shi dai ya musanta, yana cewa an sassauya kalamansa.

An ga sunansa a jerin mambobin ƙungiyar asirin nan ta P2 da aka bankaɗo a 1981. A 1997 ya ƙi neman afuwa a kan dokokin 1938 a wata hira ta talabijin, yana mai rage girman illarsu. Sai a watan Janairun 2021 ɗansa ya rubuta wa al'ummar Yahudawan Italiya takardar neman gafara.

A watan Mayun 2004, a wajen liyafar auren yarima mai jiran gadon Sifaniya na wancan lokaci, Felipe, jaridu sun ba da rahoton cewa Vittorio Emanuele ya naushi Amedeo a fuska har sau biyu a gaban manyan baƙi. Bayan shekaru biyu, a watan Yunin 2006, aka kama shi bisa zargin cin hanci da wasu laifuka masu alaƙa da gidajen caca, aka tsare shi a kurkukun Potenza. Daga baya kotu ta wanke shi. Amma ba a cika wata guda da kamen ba, ranar 7 ga watan Yuli, Amedeo ya ayyana kansa shugaban gidan Savoia, kuma cikin waɗanda suka mara masa baya har da Maria Gabriella, ƙanwar Vittorio Emanuele uwa ɗaya uba ɗaya.

Rigimar ta kai gaban kotu, amma a kan suna kawai, tun da kotunan jamhuriya ba su san wani abu wai shi magajin sarki ba. A 2010 wata kotu a Arezzo ta hana Amedeo da ɗansa amfani da sunan Savoia tsura ba tare da ƙara Aosta ba. A 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta Florence ta soke wannan hukunci.

Reshen Aosta ya samo asali ne daga ɗan Vittorio Emanuele na Biyu na biyu, wanda ya taɓa zama sarkin Sifaniya daga 1870 zuwa 1873. Shi ma reshen ba a rasa shi a tarihin mulkin mallaka ba: baffan Amedeo shi ne wakilin sarki a Habasha wanda ya miƙa wuya ga sojojin Birtaniya a dutsen Amba Alagi a 1941, ya kuma rasu a tsare a Nairobi a shekarar da ta biyo. Da yake haramcin 1948 bai shafe su ba, 'yan wannan reshe sun ci gaba da zama a Italiya, har Amedeo ya yi aiki a rundunar sojan ruwan jamhuriya. Ɗansa Aimone, wanda aka haifa a 1967, ya shafe shekaru yana aiki da kamfanin tayoyi na Pirelli a Mosko, kuma a 2008 ya auri Gimbiya Olga ta gidan sarautar Girka, auren da babu mai iya kushe shi ta fuskar tsohuwar doka.

Emanuele Filiberto kuwa, wanda aka haifa a Geneva a 1972, Italiyawa sun fi saninsa a talabijin. Ya lashe wata gasar rawa a 2009, ya zo na biyu a gasar waƙa ta Sanremo a 2010, ya kuma taɓa buɗe motar sayar da taliya a Los Angeles. Ya tsaya takarar majalisar dokoki a 2008 da ta Turai a 2009, bai samu kujera ba.

Takardar 2019

Abin da ya kamata a lura da shi shi ne, da an bar al'amarin yadda yake, da lokaci kansa ya kashe wutar. Gidan Savoia na bin abin da ake kira dokar Salik, wadda ta keɓe gado ga maza ta wajen uba kaɗai, kuma an rubuta haka a sashe na 2 na tsarin mulkin masarautar na 1848. Emanuele Filiberto da matarsa, 'yar wasan fim ta Faransa Clotilde Courau, 'ya'ya mata biyu suka haifa, Vittoria a 2003 da Luisa a 2006. Ke nan ko da an yarda da da'awar mahaifinsa, bayan shi babu wani namiji da ya fi kusa illa Aimone, wanda ke da 'ya'ya maza biyu. Da rassan biyu sun haɗe ba tare da wani ya ce an kayar da shi ba.

Wannan ƙofa ce Vittorio Emanuele ya rufe ranar 28 ga watan Disamban 2019, ranar da jikarsa Vittoria ta cika shekara 16, lokacin da ya sa hannu a wata takarda da ta soke dokar Salik ta kuma bai wa ɗan fari gado, namiji ne ko mace. A 2023 Emanuele Filiberto ya ƙara da cewa a shirye yake ya janye ya bar wa 'yarsa.

Hujjar da aka bayar ita ce daidaito tsakanin maza da mata, kuma lallai haka iskar ke kaɗawa a Turai. Suwidin ta yi irin wannan gyara a 1980, Holland a 1983, Beljiyam a 1991, Denmark a 2009, Birtaniya kuma a 2013. Sai dai akwai bambanci babba. A duk waɗannan ƙasashe majalisar dokoki ce ta yi gyaran, a Denmark ma sai da aka kaɗa ƙuri'ar jama'a. Reshen Aosta ya ce dokar gado wani ɓangare ne na tsarin mulkin masarauta, kuma mutumin da ba shi da majalisa ba shi da ƙasa ba zai iya sauya ta da alƙalaminsa shi kaɗai ba. Ta fuskar hankali wannan hujja na da wuyar turewa, domin duk wanda ke neman gado da sunan tsohuwar doka, ya ɗaure kansa da ita. Haka nan ba a buƙatar dogon nazari kafin a gane cewa gyaran ya zo daidai da buƙatar wanda ya yi shi.

Amma ɗaya ɓangaren ma na da abin cewa. Idan babu mai ikon taɓa dokar sai an maido da sarauta, kuma ba za a maido da ita ba, to gidan zai dawwama a ƙarni na 18. Marigayi Sarki Michael na Romaniya, wanda shi ma 'ya'ya mata kaɗai ya haifa, ya ɗauki irin wannan mataki a 2007, kuma bayan rasuwarsa a 2017 hukumomin ƙasar sun ci gaba da hulɗa da 'yarsa Margareta a matsayin shugabar gidan. Abin da ya taimake shi shi ne shi sarki ne da ya taɓa mulki, kuma jama'a na ganin girmansa. Vittorio Emanuele bai samu ko ɗaya daga cikin biyun ba.

A zamanin da karaga ke da iko, irin wannan gardama jini take zubarwa. Soke dokar Salik da Sarki Ferdinand na Bakwai ya yi a Sifaniya a 1830 domin 'yarsa Isabella ta gaje shi, shi ne ya jefa ƙasar cikin jerin yaƙe-yaƙen basasa a ƙarni na 19. A Italiya ta yau makaman su ne sanarwar manema labarai da wasiƙun lauyoyi.

To a kan me ake faɗan?

Ba a kan mulki ba ne. A zaɓen 1953 jam'iyyar 'yan sarauta ta samu kusan kashi 7 cikin ɗari da kujeru 40 a majalisar wakilai, amma daga nan ta yi ta ja da baya har ragowarta suka narke cikin jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ta MSI a 1972. Babu wata babbar jam'iyya a yau da ta sa batun sarauta a manufofinta. Misalan da 'yan sarauta ke yawan kawowa ba su dace da Italiya ba: a Sifaniya Janar Franco ne da kansa ya shirya komawar sarauta a 1975, shi kuwa Simeon na Bulgeriya da ya zama firaminista daga 2001 zuwa 2005, ta akwatin zaɓe ya shiga kuma ta nan ya fita.

Abin da ya rage a hannun shugaban gidan shi ne ikon ba da lambobin girma na gado, musamman ta Annunziata da ta waliyyai Maurizio da Lazzaro. Gwamnati ba ta san da su ba, amma akwai masu hannu da shuni a Turai da Amurka da ke son a rataya musu, kuma ana tara kuɗi ta wannan hanya da sunan ayyukan jinƙai. An sha zargin cewa lambobin sun zama abin saye da sayarwa. Wanda duk aka amince shi ne shugaban gida, shi ke riƙe da wannan taska, shi ake gayyata bukukuwan gidajen sarauta, kuma shi ke magana da sunan tarihin shekaru dubu.

Akwai kuma dukiya, ko da yake wannan batu ne na gadon iyali ba na sarauta ba. A 2007 Vittorio Emanuele da ɗansa sun nemi gwamnati ta biya su diyyar euro miliyan 260 saboda shekarun gudun hijira, amsar da suka samu ita ce ƙasar ce ma ya kamata ta nemi diyya a wurinsu. Sannan ga kayan ado na sarauta, da suka ƙunshi duwatsun daiman sama da 6,000 da lu'ulu'u kimanin 2,000, waɗanda aka kai ajiya babban bankin Italiya ranar 5 ga watan Yunin 1946, kuma har yau suna can a kulle. 'Ya'yan Umberto huɗu, ciki har da Maria Gabriella, sun haɗa kai a wannan karon suka shigar da ƙara a 2022. A watan Mayun 2025 wata kotu a Roma ta yi watsi da ita, tana cewa kayan na ƙasa ne.

Batu na ƙarshe shi ne na kaburbura. Sarakunan Italiya biyu na farko suna kwance a ginin Pantheon da ke tsakiyar Roma, kuma iyalan sun daɗe suna neman a kai na uku da na huɗu wurin. A watan Disamban 2017 an ɗauko gawar Vittorio Emanuele na Uku daga Iskandariyya a jirgin sojan sama, aka binne ta a wata majami'a da ke ƙaramin garin Vicoforte a yankin Piemonte, kuma duk da haka sai da shugabannin Yahudawa da ƙungiyar tsoffin 'yan gwagwarmaya suka nuna ɓacin ransu. Ko a wannan ma gidan bai yi magana da murya ɗaya ba, domin ɓangaren Maria Gabriella ne ya shirya ɗaukowar, shi kuwa Vittorio Emanuele ya yi ƙorafin cewa ba a tuntuɓe shi ba kuma Pantheon ne wurin da ya dace da kakansa. Umberto na Biyu har yanzu yana kwance a Hautecombe, a ƙasar Faransa.